Wa ke kwance wa dokina bargo?

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba a raba wautar da kowa ba, ni kaɗai na kwashe ta. Na san mutanen unguwarmu a nan Gaya, in ban rubuta da hannuna ba su za su ba da labarin, su kuwa ba sa ba da labari sai sun ƙara masa yaji. Yanzu haka ina rubutun nan da bargon doki a kan gwiwoyina, yana ta warin mai shi na farko. Yadda aka yi ya baro bayan doki ya dawo kaina shi ne abin da zan faɗa.

Karatuna bai yi nisa ba. Aji uku na yi a lakkwal, makarantar boko ke nan, mushe mai koya mana ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu ba wanda ya yi kuka. Sauran ilimina a ƙofar ofishin jandarma na tsince shi, lokacin da nake sayar da rake a wurin ina saurayi. A can na ga yadda ake anket, wato binciken mai laifi: a zaunar da mutum, a dube shi da gefen ido, a tambaye shi abin da aka riga aka yanke a zuci. Tun daga lokacin nake ganin da an bar ni na yi aji shida, da komisar na zama, babban ɗan sanda.

Ina da doki guda, bidi ne, Bidin ma nake kiransa, ya fara manyanta kamar mai shi. Shi ke kai ni gona ta hanyar Yelu, domin gwiwoyina sun daina shawara da ni, kuma ni ba na hawa bayan moto in rungumi jikan wani kamar ɗan biri. Ƴaƴana da ke kasuwanci a Yamai sun sha cewa in rabu da shi. Nakan ce musu to, in kashe telefon, in je in ƙara masa dusa.

A gidanmu akwai ƙa'ida kan doki da sanyi, daga babana na gaje ta. Da ɗari ya shigo, doki ba ya kwana tsirara. Ana ɗinke tsohon bargo a kan buhun algarara, a rufa masa da magariba, a ɗaure da igiya a ƙirji da ƙarƙashin ciki, ba a cirewa sai hantsi ya ɗaga. Duk tsawon lokacin yana turke, harawa da dusa yake ci, ba ya fita da sassafe, ba ya tafiya mai nisa. Ranar da aka cire bargon gaba ɗaya, ranar ake sa masa dabaibayi a sake shi a fadama, inda ruwan kogi ya ja baya ya bar ɗanyar ciyawar da muke kira burgu. Sanin wannan rana kuwa ba da kalanda ake yi ba. Ƙwarya ake cikawa da ruwa a ɗora kan katanga ta kwana a waje. Da asuba a tsoma wuyan hannu. In ruwan ya ciji fata, sanyi yana nan. In aka yi safiya uku a jere bai ciza ba, bazara ta shigo, a kwance doki.

Baba bai taɓa tsoma nasa hannun ba. Ni yake tasa in tsoma in faɗa masa, shi yana tsaye da carbi. Na ɗauka girman kai ne irin na iyaye.

Wata shekara, ina ɗan samari, na yi wa ƙwaryar nan ƙarya. Akwai wata yarinya ƴar masunta a Tunuga da nake son ta gan ni a kan doki, ba a ƙasa da ƙura a ƙafa ba. Ruwa yana cizona har cikin ƙashi, na dubi Baba na ce ɗumi ne. Safiya uku ina faɗin haka. Aka cire wa dokinmu na lokacin bargo, na hau na je na yi abin da ya kai ni, aka sake shi a fadama. Kwana kaɗan sanyi ya juyo da ƙarfinsa. Dokin ya fara tari, majina ta biyo, ya daina ci, ya kwanta bai tashi ba. Baba bai doke ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Ya dai dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya wuce masallaci. Yarinyar na aure ta, ita ce tsohuwar da ke cikin gidana yau. Amma tun daga ranar na yi alkawari tsakanina da Allah, ko ɗan yaya ruwa ya ciji hannuna, zan ce ya ciza.

Shekaru masu yawa ƙa'idar tana tafiya daidai. Sai bara.

Bara sanyi ya zo ya ƙi tafiya. Haka dai na gani. Kowace asuba in fito cikin manto, wata babbar rigar sanyi da ɗana ya aiko mini, da hula har kunne, in tsoma hannu a ƙwarya, ruwa ya kama ni kamar ya san ni da wata tsohuwar gaba. In girgiza kai in ce, da saura. Na ga maƙwabta sun fara fitar da tabarmi tsakar gida. Na ga rimin bayan kasuwa ya fashe yana watsa audugarsa. Na ga masu ƙanƙara sun fito da kulolinsu a tasha. Duk na gani, na kuma yanke hukunci cewa mutanen yanzu gaggawa ta yi musu yawa.

Masu dabbobi a unguwa duk suka saki nasu. Kullum da safe shanu da jakuna da dawaki biyu na wani mai amalanke suna bi ta bayan katangata zuwa fadama. Bidi ya ɗaga kai ya yi haniniya, ya ja igiya har turke ya motsa. In ce masa, yi haƙuri, waɗancan marayu ne, ba su da mai kula da su. Harawar da na tara a kan rumfa kuwa tana ta ƙarewa, har na fara ganin sama ta tsakanin itatuwan.

Tsohuwata ta yi magana sau biyu. Na farko tana tankaɗe ta ce, “Malam, dokin nan bai gaji da bargo ba kuwa?” Na ce mata harkar doki ba harkar tukunya ba ce. Na biyu ta ce, “Ni fa na daina ɗumama ruwan wanka tun makon jiya.” Na tuna mata da dokin da ya mutu, na kuma tuna mata saboda wa ya mutu. Ban kyauta ba, na sani. Ba ta sake tayar da zancen ba. Ni kuma na ɗauki hakan a matsayin ta gane.

Wata safiya na cire bargo da hantsi na tarar da jikin Bidi sharkaf da gumi, gashin kafaɗarsa ya fara zubewa, fatar wurin ta yi ja. Mai hankali zai ce zafi ne. Ni na ce zazzaɓi ne, sanyi ya sami ƙofa ya shiga. Na shiga ɗaki na ɗauko bargo na biyu, mai kauri, wanda aka sayo a Malanbil, da magariba na rufa masa duka biyun. Ya juyo ya dube ni. A lokacin na ce kallon godiya ne.

Kwana biyu bayan haka gumi ya ɗauke. In cire barguna da hantsi in tarar da jikinsa a bushe, idonsa garau, jan kafaɗa yana dushewa. Na yi ta yabon kaina a majalisa, na ce likitan dabbobi ma sai ya zo ya ɗauki darasi. Ina cikin wannan jin daɗi ne na lura da ƙullin.

Ni ƙullin zarge nake yi, irin na Baba, wanda in ka ja bakin igiya sau ɗaya ya warware. Rannan na ja, ya ƙi. Na sunkuya na duba. Wani ɗan ƙulli ne shafaffe, an zagaya sau biyu an mayar da baki ciki, tsaf kamar an ɗinka. Hannuna bai san shi ba. Da magariba na ɗaura nawa, na duba sau uku. Washegari da hantsi, ga baƙon ƙulli ya dawo, a ƙirji da ciki duka.

To, ko ɗan aji uku ya san ma'anar wannan. Wani yana kwance wa dokina bargo bayan na shiga, ya bar shi tsirara cikin sanyi, ya mayar kafin in fito duba shi. Na tuna tarin wancan doki, yadda haƙarƙarinsa ke ɗagawa. Na ce ba za a yi mini biyu ba. Na buɗe anket.

Na fara da ƙasa. Da magariba na share kewayen turke, na baje rairayi mai laushi don ya riƙe sawun duk wanda ya zo. Da na dawo daga masallaci da safe, sai na tarar an share wurin tas, ga layin tsintsiya kamar an yi wa ƙasa kitso. Na ɗaga murya na kira tsohuwata.

“Ke! Wa ya ce ki share nan?”

“Shekara nawa ina share nan ba ka tambaya ba?”

“Kin share mini shaida!”

“Shaidar me, Malam? Kashin doki ne na kwashe.”

Na zaunar da ita na bayyana mata komai, da ƙulli, da sanyi, da mugun da ke shigo mana gida. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, “Ikon Allah.” Na ce ta sa ido, tunda ita ke gida lokacin da nake masallaci. Ta ce za ta sa. Kullum in tambaye ta, ta ce, “Ni dai ban ga baƙo ya shigo ba.” Yau da nake tunawa, matar nan ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙarya ba.

Na gwada toka a bakin zaure, kaji suka yi wanka a ciki. Na rataya gwangwani da tsakuwa a igiyar bargon don ya yi ƙara, da safe na same shi an ajiye a kan katanga, an ma zubar da tsakuwar an ɗauraye shi. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali, domin mugun da ke wanke gwangwani ba ƙaramin mugu ba ne. Sannan na shinshina kafaɗar Bidi na ji warin man kaɗanya. Na ce shi ke nan, abin ya kai ga shafe-shafe, asiri ake yi wa dabbata.

Na shiga zargin kowa. Mai amalanke ya gaishe ni da fara'a, na ce fara'ar ta yi yawa. Ladan ya tsawaita kiran salla, na ce ko lokaci yake ba wani. Mai kawo mana ruwa ya tsaya ya dubi dokin ya ce, “Baba, ba ya jin zafi kuwa?” na bi shi da ido har ya sha kwana. Amma duk wannan share fage ne. Tun ranar farko zuciyata ta riga ta kama mutum guda.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohon masunci ne, abokin wasana tun kakanni, su mutanen ruwa mu mutanen tudu, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Tun farkon bazara yake leƙowa ta katanga yana cewa, “Bawana, yaushe za a yaye jaririn?” Wata rana ya ce in ƙara masa hula da safa. Katangar kuwa akwai inda ta zube kaɗan, ko tsoho zai iya ɗaga ƙafa ya tsallako. Ga kuma babbar shaida: ƙullin nan irin na koma ne, ragar da suke kama kifi da ita. Na sha ganin irinsa a bakin kogi. Me ya rage? Mutumin yana son ya nuna wa unguwa cewa doki zai kwana ba bargo bai mutu ba, don a yi mini dariya, kuma da ran dokina yake gwajin.

Na sa wuƙa na yanke ƙullin da ɗan guntun igiyarsa, na naɗe a takarda, na sa a aljihun manto. Bayan azahar na same shi a gindin mangwaron ƙofar gidansa yana gyaran koma, daga shi sai ƴar shara, gumi na bin wuyansa. Na yi sallama a daƙile, na zauna nesa kaɗan, na dube shi da gefen ido kamar yadda na ga ana yi.

“Fofo, bawana,” ya ce, irin gaisuwarsu. “Wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu tukuna.”

“To cire rigar nan mana, kallonka kawai yana sa ni ƙishirwa.”

“Ina kake jiya tsakanin lisha da asuba?”

“Ina kan gadon matata, uwarka ta wasa, ina minshari. Kai fa?”

Ban yi dariya ba. Na warware takarda na ajiye ƙullin a gabansa kan tabarma. Na ce, “Ka san wannan?”

Ya ɗauka ya juya shi, ya kai kusa da ido. Sai na ga wasan ya ɗan bar fuskarsa. Na ce a raina, ya kamu.

“A ina ka samo?”

“A jikin dokina. Inda ka bar shi.”

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce shekara da shekaru muna wasa, amma wasa bai kai ga rai ba. Na ce in Bidi ya yi tari ko sau ɗaya, har gaban mai unguwa sai mun je. Mutane biyu da ke wucewa suka tsaya, wata mai tallan kifi ta sauke tirenta don ta ji da kyau. Daidai lokacin wani nunannen mangwaro ya faɗo tim a tsakaninmu, ya fashe. Maƙwabcina ya dubi mangwaron, ya dubi hulata.

Ya jawo bakin igiyar komarsa, ya ƙulla a gabana a hankali. “Duba nan, komisar. Mu nan sau ɗaya muke zagayawa. Ka gani? Naka kuwa sau biyu aka zagaya, aka cusa baki ciki. Wannan ƙullin mutanen Tunuga ne, su da ruwa ke ja musu raga da ƙarfi. A can ma sai tsofaffin hannu, yaran yanzu ba su iya ba. Wanda ya yi wannan tun yana ƙarami ya koya, a gaban ubansa.”

Na gwada biyun. Gaskiya ba iri ɗaya ba ne. Amma mai anket ba ya ja da baya a gaban jama'a.

“To wa ke nan unguwar ɗan Tunuga?”

Ya tsaya ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ta zama tari, ya kwanta a kan komar yana buga ƙasa. Mai tallan kifi ma ta kama, ba ta ma san dalili ba.

“Je ka yi tunani,” ya ce yana share hawaye. “In ka gano shi, ka gaishe mini da shi. Ka ce ina yi masa sannu da haƙuri.”

Na tashi na tafi ina lissafi. Akwai wani tela da aka ce uwarsa daga wajen take. Akwai mai gyaran keke da ya taɓa zama can. Akwai wani mai sayar da busasshen kifi, amma shi ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya, ba zai tsallaka katanga ba. Na zauna a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya, ina ƙirga mutanen Tunuga da yatsu. Tsohuwata ta kawo mini fura, na tambaye ta ko ta san wani. Ta ce, “Mutanen Tunuga ai suna da yawa, Malam.” Kada mai karatu ya yi mamaki. In mace ta shekara arba'in da wani abu a gidanka, ta zama kamar katangar gidan, ba ka ƙara tuna daga wane rami aka ɗebo ƙasarta.

Na yanke shawarar kama mutumin da hannuna. Tunda kafin in dawo daga masallaci ake mayar da bargo, to a nan zan tare shi. Washegari da asuba na tsoma hannu a ƙwarya kamar kullum, a gurguje, ban ko leƙa rumfar doki ba don kada in ɓata tarko. Ruwa ya ciza. Na yi gyaran murya mai ƙarfi, na ja takalmi, na buga ƙyauren zaure kamar na fita. Allah ya yafe mini jam'in ranar, a zaure na yi sallata. Na lallaɓo na laɓe a bayan rumbu, da sanda a hannu, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Gari ya fara wayewa. Abin da na fara gani shi ne Bidi, tsirara, ba ko ƙyalle a bayansa. Ya saki ƙafa ɗaya ta baya, kunnuwa a kwance, leɓe a sake. Na kasa kunne in ji tari. Babu. Na daɗe ban ga dabbar nan cikin irin wannan kwanciyar hankali ba, abin ya ma ba ni haushi.

Sai na ji taku, ba daga wajen katanga ba, daga wajen madafa. Mutum ya fito da barguna biyu a ninke a kafaɗa, da ɗan kasko a hannu. Ya lakaci mai ya shafa wa doki a kafaɗa, Bidi ya sunkuyo yana goga masa kai kamar sun saba. Ya shimfiɗa bargo na farko, ya ɗora na biyu, ya sunkuya ya kama igiya, ya zagaya sau biyu.

Na fito na ɗaga sanda. “Tsaya nan! An kama ka!”

Tsohuwata ko firgita ba ta yi ba. Ta ƙarasa ƙullinta, ta cusa bakin igiya ciki, sannan ta miƙe tana dafe da ƙugu.

“Har an idar da sallar?”

Na tsaya da sanda a sama. Idona ya sauka kan ƙullin, daga nan ya tafi kan igiyar shanya, ya tafi kan igiyar guga, ya tafi wuyan akuya, ya tafi bakin buhun dusa. Duk gidan da ƙullin nan aka ɗaure shi. A ƙarƙashinsa na zauna jiya ina ƙirga tela da mai gyaran keke.

“Ke ce?”

“Sauke sandar, kafaɗarka za ta kama.”

Na sauke, amma ban sauke murya ba. Na ce ta ci amanata. Na ce ta sa na je na zargi bawan Allah a gaban mai tallan kifi. Na ce ita da kanta ta san abin da sanyi ya yi wa dokin Baba, ta san abin da na ɗauka a zuciyata tun daga lokacin, amma ta tashi tana tuɓe mini dabba a ɓoye.

“Na faɗa maka a fili sau biyu,” ta ce. “Ka ce harkar tukunya ce tawa. Ranar da ka ƙara na biyu na fito na same shi yana haki kamar ya yi sukuwa, gumi na ɗiga daga cikinsa. In bar shi ya dahu don kada ranka ya ɓaci?”

“Ƙwarya ba ta ƙarya! Yau ma ta ciza!”

“Yau ma?”

“Har cikin ƙashi.”

Ta kama hannun manto ta ja ni zuwa katanga, ta sauke ƙwaryar ta riƙe a gabana. “Duba da kyau, gari ya waye.”

Na duba. Wani siririn tururi yana tashi daga kan ruwan.

“Yau kwana biyar ke nan ina zuba maka ruwan ɗumi a ciki kafin ka fito,” ta ce, “ko Allah zai sa ka ce bazara ta zo, ka kwance shi da bakinka, girmanka bai zube ba. Kullum sai in ji ka daga ɗaki kana cewa da saura.”

Na sake tsoma hannu, don mai anket ba ya yarda sai ya taɓa. Wallahi sanyi na ji. Na buɗe baki zan kawo ƙa'idar Baba, ta riga ni.

“Na zauna da babanka shekara nawa a gidan nan. Ka taɓa ganin ya tsoma nasa hannun? Da ka girma ƙanenka yake tasa, da ƙanenka ya tafi ni yake kira. Shi ya san abin da yake yi.”

A bayan katanga aka fara kora dabbobi zuwa fadama. Bidi ya ɗaga kai ya yi haniniya. Ta juya ta warware ƙullinta da yatsa biyu, ta zare bargunan, ta yafa mini su a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsu da warinsu. Ta ciro dabaibayi daga inda yake rataye tun farkon ɗari, ta danƙa mini a hannu.

“Ungo, kai shi ya ci burgu. Bargunan kuma riƙe, sun sami mai su. Sanyin da kake ji ba na gari ba ne, Malam, na shekaru ne, bazara ba ta korarsa. In doki zai jira ya wuce, sai dai ya raka ka kabari da bargonsa.”